'Yan Jarida Biyu da Ajinmu Marar Rufi

Shekarar da gwamnati ta ce kowane yaro ya shiga makaranta kyauta, aka tura ni wani ƙauye tsakanin Sheme da Tafoki, ina sabon malami. Kuɗin fetur na ta zuba a birane. Mu kuwa aji biyu aka gina mana, ɗan kwangila ya buga kwano a ɗaya, ya tafi bai waiwayo ba. Iyaye suka kawo yara har ɗakin ya kasa ɗaukarsu, rabi suka koma ajin da ba rufi.

Ranar kasuwar Ƙanƙara wani ɗan jarida ya biyo ta wurinmu, daga jaridar da ba ta ganin laifin masu mulki. Na nuna mashi kangon. Ya ce, "Malam, tara mini yaran gaban wancan mai kwanon." Ya ɗauki hoto, ya sha fura, ya wuce. Bayan mako ga hotonmu a jarida, wai ilimi ya wadata har ƙauyen ƙayau.

Jaridar da ke hamayya da ita ba ta yarda a bar ta a baya ba. Wakilinta ya zo bisa babur ranar da muka tashi da ruwan sama, na riga na sallami yaran kangon don ba wurin zama. Na yi mashi bayani dalla-dalla, yana ta gyaɗa kai. Abin da ya rubuta shi ne mutanenmu sun ƙi boko, sun kwashe 'ya'yansu zuwa gona.

Maigari ya sa aka karanta mashi jaridar, sannan ya aika kirana.

"Malam, mu ne muka ƙi?"

"Ranka ya daɗe, ban faɗi haka ba."

"To, da kai kaɗai ya yi magana."

Magidanta uku suka cire yaransu a makon nan, suka ce tunda an yi masu sharri, bari ya tabbata.

Na rubuta wa jaridun biyu wasiƙar gyara, ba wadda ta buga. Na tafi ofishin ilimi da kukana, jami'in ya zaro jaridar farko daga aljihun tebur ya shimfiɗa a gabana. "Ga makarantarku nan da rufinta. Me kuma kake nema?"

Haka muka ƙare damina, in hadari ya taso in kori rabin makaranta. Da kaka ta yi, iyayen da aka ce sun ƙi boko suka haɗa itace da ciyawa suka rufe ajin. Cikin magidanta ukun nan, ɗaya kaɗai na iya shawo kanshi.