Abin da Bature ya yanke daga kaset ɗin Baba

Mahaifina bai taɓa kiran sunana a gaban kowa ba. Ni ne ɗan fari, don haka "kai" nake, ko "wannan yaron", har na ajiye gemu. Sau ɗaya tak na san ya faɗi sunan, shi ma a cikin kaset.

Kaset ɗin na kiɗan Turawa ne, rok irin na shekarun saba'in, wanda waƙa ɗaya sai ta ci minti ashirin ana jan jita da ogan kafin wani ya buɗe baki. Wani malaminsu Bature ne ya kwafa wa Baba yana ɗalibi a Zariya. Wasa ne da aka naɗa kai tsaye a wani zaure a Ingila, har da tafi da ihun 'yan kallo. Mahaifiyata kiɗan aljanu take ce masa. Wata rana Baba ya sayo sabuwar rikoda zai gwada, ya danna jan maɓalli bai lura da abin da ke ciki ba. Shi ya sa a tsakiyar waƙa ta uku kiɗa yake ɗaukewa, a ji gyaran murya, a ji "gwaji, gwaji", sannan ya kira sunana sau biyu, ya ce, "Zo ka ce wani abu." Lokacin ina rarrafe, kuma daga ni sai shi a ɗakin.

Da na samu aikin injiniya a Doha sai ya miƙo mini kaset ɗin. Ya rasu a shekarar korona, filayen jirgi a rufe, ina kulle a ɗakina a unguwar Mansura. Ta waya na ga an ɗauke shi. Ina da wata tsohuwar rikoda da na saya a kasuwar Asian Town, na shiga mayar da wurin nan baya ina ji, safe da yamma, har ranar da rikodar ta tauna zaren daidai nan. Ni da ake kira injiniya, ga waya a aljihuna, ko sau ɗaya ban yi tunanin naɗar muryar ba. Har yau idan na tuna sai in ji kamar in mari kaina.

Neman mai gyara ne ya kai ni wani dandali a intanet na masoya ƙungiyar mawaƙan da ke cikin kaset ɗin, mutanen da ba su da aiki sai tattara tsofaffin naɗe-naɗen wasanninta suna wanke sautin. Na ɗora hoton kaset ɗin da rubutun Baba a jikinsa. Kafin la'asar dandalin ya rikice. Ashe wasan ranar ba wanda yake da shi cikakke, sai wani kwafi mai shuuu kamar ana soya ƙosai. Wani dattijo ɗan Holan da ya yi ritaya ya ce in aiko masa, yana da na'urori.

Na zauna rubuta masa saƙo. Sau uku ina rubuta maganar Baba ina gogewa. Ta yaya zan dubi baƙo in ce masa so nake in ji ubana yana kiran sunana? Abin da shi mai muryar ya ɓoye shekara arba'in, ni ne zan baza a gaban Turawa? Daga ƙarshe cewa na yi, "Akwai 'yar magana da yarenmu a tsakiya, inda zaren ya yamutse." Na tura kaset ɗin.

Abokin zamana a gidan Bakatsine ne mai aikin gadi. Da na karanta masa saƙon sai ya ce, "Injiniya, Bature fa ba ya gane kara. Yalla, maza ka faɗa masa gaskiya, khalas, shi ke nan." Na ce ai zai ji da kunnensa, mai hankali ba sai an yi masa bayani ba.

Shekara biyu dattijon nan yana jan raina. Yau ya ce zaren yana manne, gobe ya ce yana jiran wani ƙarfe daga Japan. 'Yan dandalin kuwa suka share wata guda suna gardama ko kaset ɗin yana ɗan sauri, ko ganga ta danne ogan. Wani har ya bar dandalin don fushi. Ni ina karantawa ina tsaki, ina buga musu na gode, kuma duk a tsawon nan ban ƙara ko kalma ɗaya a kan maganar ba.

Aikin ya iso ana tsakiyar gasar cin kofin duniya. Mansura ta cika da tutoci, a bakin tashar jirgin metro ba wurin sa ƙafa. Na dawo daga sallar la'asar, na rufe taga saboda hon ɗin motoci, na sa abin kunne. Gaskiya ya iya aikinsa. Har tarin wani ɗan kallo na ji, wanda ban taɓa sanin yana ciki ba. Waƙa ta uku ta zo, na gyara zama, kunnena yana jiran gyaran muryar. Ogan ya wuce abinsa sumul, babu ko ɗigon tsayawa. Na mayar baya na sake ji, har sau huɗu.

A ranar na rubuta masa komai, dalla-dalla, abin da ya kamata in rubuta tun farko. Amsa ta zo washegari. Ya ce wurin ya lalace ƙwarai, kuma da ya ga ba kiɗa ba ne sai ya yanke shi da reza, ya haɗa zaren, ya cike giɓin da wancan tsohon kwafin. Guntun ya daɗe da shiga shara. Ya ba ni haƙuri sosai, sannan ya tambaye ni me ya sa ban faɗa masa ba. Na so in zage shi, na rasa a kan me. A dandali kuwa ana ta yi mini jinjina, ni ne wanda ya ceto musu wasan da ya ɓace.

Ranar Juma'a na kira mahaifiyata. Bayan gaisuwa na daure na ce, "Inna, Baba ya taɓa faɗin sunana a gabanki?"

Ta yi 'yar dariya ta ce, "Allah ya shirye ka, wannan yaron. Wace irin tambaya ce wannan?" Sannan ta ce, "Ni dai ban taɓa ji ba."