Ranar da Na Juya wa Ruwa Baya

A majami'armu ta bakin tafki, can ƙasar Ngaski, akwai wani benci a baya kusa da taga wanda kowa ya san na Inna mai banda ne. Ba wanda ya ba ta shi. Hayaƙi ne ya ba ta. Ko ta yi wanka da sabulu mai ƙamshi, ko ta ɗauro sabon zane, da ta shigo sai ka ji kamar an buɗe kwandon tarwaɗa, mutane kuwa su yi ta matsawa gaba a hankali. Mu matasan ƙungiyar matan zumunta ta majami'a mukan ce idan ta ɗaga hannu tana addu'a, kyanwoyin gari ne ke fara amsa amin. Tana jin mu. Sai ta yi dariya ta ce, "Ku dai ci gaba, ran Laraba kuna zuwa kasuwa neman gyara."

Ba ta iya waƙa ba, ba ta taɓa tsayawa gaban jama'a ta yi wa'azi ba. Amma manya sun ba mu labarin cewa da can ita ce aka sa wa ido. Tana amarya aka zaɓi mijinta zuwa makarantar koyon aikin bishara, ita ma za ta bi shi. Ta koyi karatu domin wannan tafiya, har ta ɗinka kayan da za ta sa a can. Ana saura kaɗan su tashi, mijin ya shiga kwalekwale zai je wani gungu, tsibiri a tsakiyar ruwa, ya yi wa danginsa sallama. Ba a ƙara ganinsa ba, ko gawarsa. Ba su haihu ba, ita kuma ba ta sake aure ba. Sai ta koma cikin matan Sarkawa masunta, Musulmi, ta koyi banda a wurinsu, ta tsufa tana hura wuta. Mutane sukan girgiza kai su ce kiran da Allah ya yi mata ya nutse tare da mijinta. Ni ma haka na ɗauka.

Nakan je sayen kifi wurinta, ina tsaye ina ta ƙorafi don ni ba ni da haƙurin jira. Gangar ƙarfe ce aka yanke, aka ɗora mata raga, kifin yana jere a kai. Wuta ba ta tashi, hayaƙi ne kawai. In harshen wuta ya leƙo sai ta yayyafa masa ruwa. Ba ta barin wurin, ba ta kuma yawan taɓa kifin, tana zaune tana kallonsa har sai ya kai a juya. Na taɓa ce mata ta ƙara itace mu huta. Ta ce, "In kin matsa mai wuta, waje ya ƙone ciki ɗanye. Gobe sai tsutsa."

Mijina manomin albasa ne. Mutum ne mai son raha, kullum hannunsa na warin albasa, ni kuwa ina yi masa tsiya cewa tun ranar aurenmu yake sa ni hawaye. A shekarar da muka sami ɗiyarmu ta fari albasa ta yi kyau. Ya loda buhunansa a babban jirgin inji mai zuwa kasuwar Yelwa, ya ce zai sayo mini atamfa. Jirgin ya cika ya batse, mutane, buhuna, har da babura. A tsakiyar tafki ya daki kututturen ɗaya daga cikin itatuwan da ruwa ya shanye tun zamanin da aka datse kogi. Masunta sun ceto waɗanda suka ceto, sun tsamo waɗanda suka tsamo. Mijina ba ya cikinsu. A lokacin ɗiyarmu ko zama ba ta fara ba, nono ne kaɗai abincinta.

Uwar mijina tana bin addinin kakanni. Mace ce mai kirki, ba ta taɓa hana ɗanta zuwa majami'a ba, shi ke nan kuma gare ta namiji. Ita ta riƙe hannuna a bakin ruwa, ta gaya mini abin da tsofaffinsu suke faɗa. Matar wanda ruwa ya ci takan zauna ta fuskanci ruwan. In ta juya masa baya, ruwa ba zai sake shi ba har abada. Sannan ba a kawo jinin mamacin bakin ruwa, kada ruwan ya ga saura. Ta karɓi jaririyar daga bayana, ta goya, ta tafi da ita gida.

Ni Kirista ce, 'yar Kirista. Da a ranar kasuwa aka gaya mini wannan magana, da na yi tsaki. Amma ina son in ga fuskar mijina, ina son in san inda aka kwantar da shi. In akwai abu ɗaya a duniya da zai sa ruwa ya ba ni shi, wace ce ni da zan ƙi? Aka shimfiɗa mini tabarma a kan yashi, na zauna. Gaba damisa, baya siyaki: in na tashi na rasa miji, in na zauna ɗiyata ba ta da nono.

Fasto ya zo, bawan Allah, ya tsuguna kusa da ni. Ya ce ruwa ba shi da ido, ba shi da kunne, halittar Ubangiji ne kamar yashin da nake zaune a kai. Gaskiya ya faɗa, na kuma san gaskiya ce, amma duk ta bi ta bayan kunnena. Matan zumunta suka zo da tulunansu na kiɗa, suka rera waƙoƙin ta'aziyya, suka yi kuka tare da ni. Kowa ya ce sai haƙuri. Sannu a hankali aka fara raguwa, don kowa da shinkafarsa a fadama tana jiran yanka. Ban ga laifinsu ba.

Ƙirjina ya cika ya yi tauri, rigata ta jiƙe, daga baya kuma na ji ya fara saki. Ba na cin komai. Ƙanwar mijina takan zo ta tsaya a gefena ta ba ni labari, ni ina kallon ruwa. Yarinya ta ƙi kunu. An ɗura mata, ta amayar. Ta fara gudawa. Maɗigarta ta faɗa. Ina ji, amma wuyana ya ƙi juyawa.

Da hantsi wata rana na ji ƙarar ƙarfe ana mirgino shi a kan tsakuwa. Kafin in ga kowa na ji warin. Inna mai banda ce, da matan masunta biyu, sun turo gangarta da itace da kwandon kifi. Ba ta ce mini sannu ba, ba ta ce sai haƙuri ba. Ta kafa gangar a gabana, tsakanina da ruwa, ta yadda zan iya ganin tafkin ta samanta. Suka kafa sanduna, suka ɗora zana, inuwa ta sauko mini. Ta haɗa wuta.

"Ɗiyata," in ji ta, "tunda kina nan zamne, duba mani kihin ga. Idona ya gaji da hayaƙi."

Raina ya ɓaci. Na ce, "Inna, ni yanzu kifi ne a gabana?"

"Shi na gabanki mana. Ba ki gani nai?"

Na yi banza da ita. Can sai wuta ta kama gefe guda, wata tarwaɗa ta fara ƙauri, ita kuwa ta kau da kai tana gyaran ɗankwali. Ni mace ce, ba zan iya kallon abinci yana ƙonewa ba. Na miƙa hannu na juya shi. Wannan ne abu na farko da hannuna ya yi tun ranar da jirgin ya kife.

Daga nan ta samu ƙofa. Ta dafa romon kan kifi da yaji, ta ce in ɗanɗana mata gishiri. Ta dama kunun kanwa, irin wanda ake ba mai jego, ta ce ya yi mata yawa. Ta sa matan nan suka kare ni da zannuwansu, ta gasa mini ƙirji da tsumma mai zafi, ta tatse ni don kada nonon ya ɗauke. Na yi ihu, na gaya mata maganganun da ba a gaya wa babba. Ko gezau. In na yi shiru ta yi shiru, in na yi kuka ta bar ni in yi. Ba ta taɓa ce mini in tashi ba. Da safe takan ɗan sunkuyar da kai ta yi addu'a gajeriya, ba ta ɗaga murya, ba ta kuma ce in ce amin.

Muna nan har ranar da dattijon masuntan da ke jagorar nema ya zo. Sun ja taru, sun zuba ƙugiyoyi, sun bi gaɓa har can ƙasa, ba don an biya su ba. Ya tsaya nesa kaɗan, ya cire hularsa ya mayar, ya yi magana da Inna ba da ni ba. Ya ce sun yi iyakar yinsu, sauran sai Allah. Ya yi mini addu'a irin tasu, ya tafi.

Inna ta daɗe tana tona toka da tsinke. Sannan ta nuna wani dutse can gefe.

"Kin ga dutsin can? Nan niz zamna. Maganar da anka gaya maki, ita anka gaya mani. Na zamna har damina ta iske ni. Ruwa bai ba ni komi ba."

Ban taɓa jin ta yi zancen ba. Na ce, "To me ya tashe ki?"

"Matan Sarkawa sunka ɗauke ni, sunka aza mani kwando. Na yi hushi da Ubangiji, ɗiyata, ba kaɗan ba. Na ce, ka kira ni aiki, ka kai ni bakin ruwa ka yar. Amma ni ban da kowa bayana. Ke kina da."

Ta tashi ta karkaɗe zane, ta ce in kula da wuta, ta hau tudu wajen gari.

Daga baya na ji yadda suka yi da uwar mijina. Ba ta ce mata al'adarta ƙarya ce ba. Ta ce a kai yarinya gindin tsamiyar nan ta kan tudu, inda ko a shekarar babbar ambaliya ruwa bai kai ba, wannan ai ba bakin ruwa ba ne. Tsohuwa ta ce to wa zai dubi ruwan in matar ta juya? Inna ta ba ta amsa, tsohuwa ta yi kuka, ta ɗauko goyo.

Rana ta fara karkata lokacin da na ji kukan a bayana. Ba irin kukan da na sani ba ne, mai cika ɗaki. Siriri ne, yana yi yana tsayawa, kamar na ɗan kyanwa. Nan take ƙirjina ya amsa, na ji ɗumi yana bin rigata. Na dafe tabarma da hannu biyu. Na ce, "Inna, in na juya ba zan ƙara ganinsa ba."

Ta zo ta durƙusa, gwiwoyinta suna ƙara, ta ture ni da kafaɗa har ta samu wuri a kan tabarmar.

"Tashi," in ji ta. "Ni ma matar wanda ruwa yac ci ce, ruwan ga ya san huskata. Ni za ni duba maki shi. Na saba."

Na tashi. Ƙafafuna sun sandare, da rarrafe na fara hawan tudun. Uwar mijina ta kwance goyo ta miƙo mini. Yarinyar ba nauyi, idanunta sun zurma. Na sa ta a nono, ta lalaba, ta saki, ta sake lalabawa. Tsohuwa tana riƙe da kan yarinyar tana cewa, "Kama, kama, uwata." Sai ta kama. Na ji tana haɗiya.

Ba a ga mijina ba har yau. Ba shi da kabari, wannan ciwon yana nan, ba zan ce ya warke ba. Amma tun daga lokacin na daina cewa kiran Inna ya nutse. Akwai annabin da ya yi shekaru yana kiwon tumakin surukinsa a jeji, yana ganin an manta da shi, ashe jejin ake koya masa. Ita bakin ruwa aka koya mata, da zama, da ƙaramar wuta. Fasto ya san gaskiya, matan zumunta sun iya waƙa, amma mutum ɗaya ce a duk ƙasar nan za ta iya zama a kan tabarmar nan uwar mijina ta yarda. Allah ya daɗe yana shirya ta, ina kuma girmama ta fiye da yadda bakina zai iya faɗa. Daga baya, duk inda jirgi ya kife, daga Wara har Shanga, akan aiko babur ya ɗauke ta, gidan Musulmi ko na Kirista, ta tafi da ƙullin kanwarta.

A ranar dai ban san duk wannan ba. Abin da na sani shi ne ɗiyata ta sha har ta yi gyatsa, ta yi barci da nono a baki. Sai a lokacin na waiga. Inna tana can ƙasa a kan tabarmata, bayanta a miƙe, tana kallon ruwan da ya cinye mata miji. Kifinta yana ƙonewa a gabanta, ba ta kuwa kau da ido ta juya shi ba.