Makulli Biyu na Akwatin Alhaji

Kafin in lalace, mai gyaran salula ne ni a bakin tashar Gazawa, kuma ba wanda ya taɓa kuka da hannuna. Daga baya na koyi haɗa wifi a gidaje, wato akwatin nan mai ƙahonni da ke raba rezo, intanet ke nan, ba tare da waya ba.

Akwatin makulli biyu gare shi. Na farko shi ne kod ɗin da mutanen gida ke bugawa su shiga rezo. Na biyu na cikin akwatin ne, wanda ke riƙe da shi shi ne mai gida na gaskiya. Na farkon nake ba mutane, na biyun in yi gum. Da fari rezon banza kawai nake sha a bayan katangarsu. Kwaɗayi kuwa mabuɗin wahala.

Alhaji Nomau, babban ɗan kasuwar wake, ya kira ni zaurensa in haɗa masa akwatin. Da na gama haɗawa, ƙanensa Sani ya ce a canza makullan duka. Alhaji ya harare shi.

"Kana cewa ɓarawo ne? Ɗan gida ne, ubanshi abokina ne."

Kunyar nan tasa na cinye. Da makulli na biyu na karkatar da kwamfutarsa zuwa shafin ƙarya mai kama da na gaske da yake aika saƙo da shi, ya buga lambar sirrinsa da hannunsa. Ran nan na aika wa direbansa saƙo da sunan Alhaji, aka sauke motar wake a wani sito can bayan iyaka.

Gida ya rikice. Kowa na kallon kowa ta wutsiyar ido, in mutum ya shigo sai a kife salula. Da Alhaji ya tambaye ni, ban ko ƙifta ido ba na ce sai wanda ya san kod. Ban da Alhaji, Sani kaɗai ke taɓa kwamfutar. A gaban jama'a Alhaji ya sa shi ya dafa Alƙur'ani. Ya dafa, ya kwashe iyalinsa ya koma Gangara.

Rezon akwati bai yin nisa, dole sai ka matso. Abin da ya ci ni ke nan. Wata tsohuwa mai ƙosai ta ce wa Alhaji, "Mi yaron ga ke nema gindin katangarka kullum, bisa babur, kai duƙe?" Jandarma suka buɗe salulata, suka ga komai.

A kaso ko abokin ɗakina ban yarda da shi ba, don a zatona kowa irina ne. Da na fito na tuba, na nufi Gangara. Na iske Sani a gona, na durƙusa.

"Na yahe maka," in ji shi. "Amma ba kai ka sa ni dafa Littafi ba. Wana ne."

Ku matasa masu hannu a na'ura, in an ba ku amanar akwati, ku miƙa makullan biyu, ku sa mai gida ya canza su bayan kun fita. Masu gida, ku canza ba kunya, mai gaskiya ba zai ji haushi ba. Wake an mayar wa Alhaji. Sani kuwa, uwarsu ɗaya ubansu ɗaya, har yau bai sake taka zauren nan ba.