Don Eleuterio da Takalmin 'Yarsa

A garinmu na bakin kogin Papaloapan, inda zafi ke kwanciya a kan rufin kwano kamar malalacin kare, kowa ya san Don Eleuterio mai gyaran fanka. A wajenmu Don laƙabin girmamawa ne ga namiji, Doña kuma ga mace. Ya gaji sana'ar wajen ubansa. Ya yi shekaru yana farfaɗo da matattun fankoki, shiru-shiru, ba ruwansa da kowa, har ranar da wani ɗan yayarsa ya aiko masa da waya mai kyamara daga Amurka. Tun daga ranar fankokin garinmu suka zama marayu.

Da farko, duk hoton da ya ɗauka sai babban yatsansa ya leƙo daga gefe, jajawur kamar rana za ta faɗi. Amma a faɗi gaskiya, mutumin ya ƙware. Ya koyi riƙe numfashi, ya koyi manna gwiwar hannu a haƙarƙari, ya koyi tafiya da baya ba waiwaye. Ya kuma samu aƙida. A wurinsa duk mai riƙe waya a tsaye jahili ne. Yakan ce Allah a kwance ya shimfiɗa duniya, don me ɗan Adam zai ɗauke ta a tsaye?

Babu wanda ya taɓa gayyatarsa ɗaukar hoto, babu kuma taron da aka yi bai ɗauka ba. Ranar jana'izar tsohon mai gidan burodi, ya tsayar da masu ɗauke da akwatin gawa ya ce su koma baya su sake shan kwanar, wai rana ta shigar masa ido. Ya roƙi matar mamacin ta ɗan juyo da kukanta wajen haske. Shekarar da kogi ya cika ya tafi da aladen maƙwabcinsa, mai aladen na ihu a jefo igiya, Don Eleuterio ya ce hannu biyu kawai Allah ya ba shi. Bidiyon ya yi kyau ƙwarai. Aladen dai ba a sake ganinsa ba.

Matarsa, Doña Obdulia, takan ce ita mai ido biyu ta aura, yanzu ga ta da mai ido ɗaya, shi ma a tafin hannu. Takan kawo masa romon kifi da zafinsa, ya tsaya ɗaukar tururin har romon ya huce, sannan ya yi ƙorafin an ba shi abinci mai sanyi.

'Ya ɗaya gare su, Yamilet. Babu yarinyar da aka ɗauka a hoto kamarta a duk bakin kogin: tana barci, tana famfara, tana kuka a ƙofar makaranta. Amma a cikin wannan tarin duka babu guda ɗaya da take tare da ubanta. Shi murya ne kawai daga bayan waya, yana cewa a matsa hagu.

Da bikin cikarta shekara goma sha biyar ya ƙarato, sai ta same shi a shago. Kowace yarinya a nan tana jiran wannan rana: bayan an fito coci, a zaunar da ita a tsakiyar taro, ubanta ya durƙusa ya cire mata takalmin ƙuruciya ya sa mata mai tsini, sannan ya yi rawar farko da ita.

"Baba, ban roƙe ka zobe ba, ban roƙe ka sarƙa ba," in ji ta. "Ka ajiye wayar nan na tsawon waƙa ɗaya. Ka sa mini takalmi, ka yi rawa da ni, wani ya ɗauke mu."

Ya rantse da kabarin uwarsa. Daga nan ya shiga gwada mutanen gari, yana neman wanda ya isa ya riƙe masa waya. Mai kula da coci hannunsa na karkarwa. Samari duk a tsaye suke riƙe waya. Surukinsa Crisanto, ƙanin Obdulia, mai sayar da kifi a kasuwa, yana yanke kawunan mutane a hoto kamar yadda ya saba yi wa kifi. A ƙarshe dai, da ɗaurin fuska, Crisanton ya zaɓa, ya riƙa horar da shi a bayan shago kamar mai koya wa jaki karatu.

Ranar biki zauren ya cika da ƙamshin tamale, wato alalar masarar da muke dafawa cikin ganye, da ƙarar ƙananan gitocin makaɗa. Yamilet ta zauna a kan kujera cikin riga mai launin cikin gwanda. La'asar ta yi sanyi, hasken taga ya sauko a kan fuskarta kamar an zuba zuma. Don Eleuterio ya miƙa wa surukinsa wayar kamar mai ba da jariri, ya durƙusa, ya cire takalmin farko. Mata suka fara share hawaye.

Sai ya waiwaya. Crisanto ya riƙe wayar a tsaye, ya kuma fuskanci taga, hasken na dukan idon kyamarar.

Ba mu ga lokacin da Don Eleuterio ya miƙe ba. Mun dai ji ya ce, "Kawo nan, mai kifi, kafin ka kashe ni." Ya dawo ya durƙusa, waya a dama, sabon takalmi a hagu. To takalmin yana da siririn maɗauri da 'yar ƙaramar ƙugiya, irin wadda ba ta shiga da hannu ɗaya. Ya tura, ta zame. Ya danne da gwiwa, ta kuɓuce. Makaɗa suka yi ta maimaita gabatarwar waƙa suna kallon juna.

"Eleuterio," in ji Obdulia daga teburinta, ba ta ko ɗaga murya ba, "ajiye abin nan, ko ni in ajiye maka shi a ƙasan kogi."

Yamilet ta ce, "Baba."

Ya dubi takalmin, ya dubi fuskar wayar. Hasken yana janyewa daga kumatun yarinyar. Sai ya miƙa wa Crisanto takalmin.

"Suruki, taimaka ka ɗaura mata, ni zan ɗauka. Hasken nan ba zai jira mu ba."

Crisanto ya goge hannu a wando, ya durƙusa. Yatsun da suka saba da ƙullin komar kamun kifi ba su sha wahalar ƙugiyar ba. Shi ya yi rawar farko da ita, yana taka mata bakin riga, yana kuka kamar an yi masa mutuwa. Uban yana zagaya su da baya, gwiwar hannu a haƙarƙari, yana cewa ta kalli nan. Ba ta kalla ba har waƙar ta ƙare.

Ba ta yi masa faɗa ba, ba ta kuma sake kawo maganar ba. Kawai dai tun daga ranar, da zarar ya ɗaga waya sai ta ba shi ƙeya. Ta tafi birnin Xalapa ta koyi aikin jinya. Da ta tashi aure, kawunta Crisanto ne ya riƙe hannunta zuwa gaban limamin coci. Da aka tambaye ta dalili, ta ce ai Baba yana da aikinsa. Shi kuwa da labarin ya kai masa, yabo ya ɗauke shi.

Yana nan har gobe a shagonsa, cikin fankokin da ƙura ta binne. Duk baƙon da ya kawo gyara sai ya zaunar da shi ya nuna masa bidiyon takalmin. Kwanan baya wani direba ya kalla har ƙarshe, ya nuna Crisanto ya ce uban nan ba ƙaramin so yake wa 'yarsa ba, ga su ma suna kama.

Don Eleuterio bai gyara masa ba. Ya dai matso da wayar kusa da hancin mutumin.

"Bar wannan, dubi hasken," in ji shi. "Ka ga inda hannun ya motsa ko sau ɗaya?"