Tiyon Ban-ruwa a Motar Baba

Motar Baba ta girme ni, ta girmi yayata, ina ma zargin ta girmi titin Gwaram. In aka tayar da ita a ƙofar gidanmu a Farin Dutse, sauro kan yi ƙaura zuwa Dingaya saboda hayaƙi.

Satin da yayata ta haihu a Birnin Kudu, mijinta ya roƙi Baba ya je ya raɗa wa jaririn suna da bakinsa. Jikansa na fari ke nan. Baba ya raɗa wa rabin yaran garinmu suna, amma wannan karon har babbar riga ya ba da wanki, ya sayi goro da dabino ya ɓoye inda ya zaci ban sani ba.

Ana gobe suna, motar ta fara tofar da baƙin mai. Baffa, ƙanin Baba, manomin rani ne, kuma tun da ya taɓa gyara injin ban-ruwa yake kallon kowane ƙarfe kamar ɗan cikinsa. Ya buɗe bonet ya leƙa.

"Malam, numfashinta ne ya toshe," in ji shi. "Akwai ɗan bawul da tiyo masu fitar da iskar da ta taru a inji. Bawul ya cushe, tiyo ya tsage."

"To a kira makanike," in ji Baba.

"Ina raye?"

Ya hau babur zuwa Gwaram ya dawo da bawul. Tiyo kuwa aka ce sai an aika Kano. Ko a jikinsa. Ya yanko guntun siririn tiyon ban-ruwa, ya tsaga tsohon tub ɗin keke, zai yi irin ɗaurin da suke yi a fadama.

Sai dai wurin yana can bayan inji, tafin hannun Baffa kuma faifai ne guda. Kowa ya juyo ya dube ni, ni mai siririn hannu. Na kwanta rubda-ciki a kan inji, ƙafafuna a sama, hannuna ya shige inda ko ƙadangare sai ya yi shawara.

"Ka ji wani ɗan bututu?" in ji Baffa.

"Baffa, na ji bututu ya kai ɗari."

"Mai maiƙon."

"Duk masu maiƙo ne."

Da ƙyar na cusa, na ɗaure, na fito kamar an tsamo ni daga marina. Aka tayar da mota, hayaƙi ya ragu, Baffa ya riƙa zagaya ta yana jiran yabo.

Da aka sallame asuba muka kama hanya, ni da Baba da Baffa. Mun ɗan wuce Gwaram sai wari ya cika motar, kamar ana gasa silifa. Ta yi tari, ta yi shiru. Ruwan fadama sanyi gare shi, abin da Baffa bai tuna ba ke nan. Zafin inji ya mayar da tiyon kamar dafaffiyar taliya, mai ya wanke ko'ina.

Na sake tura hannu, ƙarfe ya ƙone ni. Muka tsaya a bakin titi muna ɗaga hannu. Motocin duk a cike suke har kan rufi, babur ɗin da ya tsaya kuma awaki ya ɗauko. Rana tana ta hawa, ba abin da muka iya.

Wayar Baba ta yi ƙara. Mijin yayata ne: jama'a sun taru tun ɗazu, liman yana zaune, ko a ƙara jira?

Baba ya dubi motar, ya dubi rigarsa.

"A'a, kada a tsare mutane. Liman ya raɗa." Ya saurara kaɗan. "Wane suna?"

Ban ji amsar ba, amma na ga ya cire tabarau yana gogewa da bakin riga, ya daɗe yana gogewa.

"Malam," in ji Baffa a hankali, "da a ce na ninka tiyon biyu..."

"Takwara aka yi mini," in ji Baba. "Ku ɗaga hannu."

Muka shafa fatiha a nan bakin titi, ni da hannu baƙi ƙirin. Sannan ya kwance ƙullin goro da dabino ya miƙo mini, ya ce duk wanda ya zo wucewa in ba shi.