Takabar da Ta Wuce Asama'u

Malam Muntasir ɗan Wagini ne, kuma a gidan karatu ya tashi. Mahaifinsa, Malam Yusha'u, mutum ne da ba ya ƙyale ko wasali ɗaya a karanta shi a karkace. Ɗan ya gaji halin nan kaf, sai dai ya kai shi inda uban bai taɓa zato ba.

Lokacin da yake kwalejin horon malamai ne ya fara karanta littattafan zane na Japan a waya, labarai masu tsawo da ake bi shafi-shafi, daga baya a mayar da su katun. Da aka turo shi koyarwa firamare a Batsari, bayan la'asar ba shi da wurin zama sai shagon cajin waya na abokinsa Jafaru, wanda ke tura wa matasa katun ɗin. Shi Jafaru kallo ne nasa, bai taɓa buɗe littafin ba.

Akwai labari ɗaya da suka shekara suna musu a kansa. A littafi, yayan jarumin ya mutu a hanyar dawowa gida. Masu katun kuwa suka tashe shi, suka kai shi har ƙofar uwarsa. Muntasir ya ce wannan cin amanar marubuci ne. Mutum ya zauna ya zana baƙin cikinsa, wasu su zo su wanke shi tas don masu kallo su ji daɗi? Jafaru sai ya yi dariya ya ce, "Malam, kai dai ba ka da tausai. Mi tsohuwar nan ta yi maka?" Kowa a layin ya san in Muntasir ya ɗaga yatsa, to an taɓa littafi ne, kuma shayinsa zai huce.

Shekarun nan ne hanyoyi suka lalace, noma ya gagara, ƙauyuka suka watse zuwa gari. Wata ranar damina su biyun suka hau babur za su taron suna a Tsaskiya, 'yan bindiga suka tare su, suka kora su daji.

Jafaru bai jure ba. Ruwan da suke sha ya ɓata masa ciki, zazzaɓi ya biyo baya. Da ya ga ba tashi zai yi ba, ya riƙe hannun abokinsa ya ce, "Inna ba za ta ɗauka ba, ka san ciwonta. In Allah ya fid da kai, ka yi mata irin ta masu katun." Muntasir ya yi alkawari. Shi ya yi masa salla, shi ya rufe shi a gindin wani marke.

Da dangi suka haɗa kuɗin fansa aka sako Muntasir, ya je gidan su Jafaru ya tarar da Inna a tsakar gida, matar Jafaru, Asama'u, na tsaye bayanta da goyo. Mutumin da bai taɓa yarda a sauya shafi ɗaya ba ya durƙusa ya ce an raba su ne, an kai Jafaru wani sansani, amma lafiya lau ya bar shi.

Inna ta yi hamdala. Ta ci abinci ranar, ta ci gaba da ci. Asama'u kuwa ta ɗauki maganar da hannu biyu, tun da Malam ne ya faɗa, kuma kowa ya san Malam ba ya ƙari. Takan share shagon ta kulle. Ta je bikin ƙanwarta ta sa lalle. Da Salla ta zo ta yi kitso, ta sa kwalli da turare, ko da za a ce ga shi nan ya shigo. Duk ranar da Muntasir ya gan ta haka sai abinci ya gagare shi. Ya daina buɗe wayarsa, ya daina musu da kowa, ya rame kamar bai baro dajin ba.

Bayan girbi ciwon Inna ya tashi. Ta rasu tana sa wa Muntasir albarka, tana cewa a gaida mata Jafaru in ya dawo. Ranar addu'ar bakwai, da mutane suka ragu, ya ɗauko mahaifinsa suka zauna a zaure, aka kira Asama'u ta tsaya daga bakin ƙofa. Ya faɗa mata komai, har da marken.

Ba ta yi kururuwa ba. Ta yi salati, sannan ta ce, "Baba, yau zan shiga takaba ko sai gobe?"

Malam Yusha'u ya tambayi ɗansa watan da abin ya faru. Da ya ji, tsohon ya sunkuyar da kai, ya ce, "Ɗiyata, takaba daga ranar rasuwa ake lissafa ta. Kwanakinki sun cika tun kafin a yanke dawa. Babu komi a kanki, ba ki sani ba."

Shi tsohon sauƙi yake nufin ba ta. Amma Muntasir na kallon hannunta a jikin ƙofa, da sauran jan lalle a farce.

"Malam," ta ce, ba ta ɗaga murya ba, "Inna ka tausaya mawa, Allah ya saka maka. Amma ni abu ɗaya ya rage in yi mashi a duniya. Yana kwance cikin daji ni ina kitso."

Ta gyara goyonta ta koma ciki. Da maraice maƙwabta suka ga ta cire 'yan kunne, ta shimfiɗa tabarma a ƙuryar ɗaki ta zauna. Malam Yusha'u ya aika a sake gaya mata ba wajibi ba ne. Ta ce ta ji, a bar ta.