Ranar da Hausar Inna Gogo Ta Gudu

Ina tsaka da tankaɗe Lami, 'yar maƙwabciyarmu, ta faɗo gidanmu ba mayafi, ta ce, "Yaya, Inna ta cika." Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Inna Gogo Banufiya ce. Ta biyo mijinta daga Bida lokacin aikin hanyar jirgi, suka sauka a Tudun Wada, katanga ɗaya da mu. A bakin rijiya ta koyi Hausa. Duk baƙuwar da ciwo ya kama, ita ke raka ta asibitin Turawa, ta tsaya mata a gaban likita. Takan ce, "Mai ciwo in ta yi magana goma, goma za ka kai wa likita. Ba kai ke jin zafin ba."

Da nata ciwon ya zo, zafin jiki ya kwashe Hausar kaf, sai Nufanci, harshen da ta sha a nono. Muka ɗauke ta, ni da 'yarta Lami. A ƙofa masinja ya tare mu da sanda.

"Mai ciwo kaɗai."

"Malam, ba ta jin Hausa yau. Ga 'yarta."

"Akwai tafinta. Ko kun fi Bature sanin aiki ne?"

Muka zagaya jikin taga. Inna ta yi magana mai tsawo, tana dafe da mararta. Lami ta damƙe hannuna. "Yaya, cewa take fitsarinta ya tsaya kwana uku!" Tafintan nan ko gaisuwa bai iya da Nufanci ba. Amma ya gwammace ya rufa wa kansa asiri a gaban Bature. Ya gyara hula, ya furta kalma ɗaya. Likita bai ko ɗaga kai ba, ya rubuta. Lami ta ƙwala kira, masinja ya koro mu kamar awaki.

Kwinin, maganin zazzaɓi, suka ba ta. Ruwan maganin ma a kwalbar da mu muka zo da ita aka zuba mata.

Jiya na hango tafintan a kasuwa yana cin goro, ana ce masa ranka ya daɗe. Na tofar da yawu, na sake hanya.

Allah Ya jiƙan Inna Gogo, Ya haskaka kabarinta, Ya sa Aljanna makomarta. Lami da ƙannenta, Allah Ya ba su haƙuri, Ya tsare su da kwanciya a hannun wanda ba zai tsaya ya saurara ba. Amin.